LAFIYA UWAR JIKI: Ƙashin Matasa Masu Murmurewa Daga Ciwon Ƙin Abinci

 A wannan wata za mu yi magana a kan wani ciwo wanda ya kan kama 'yan mata da samari, watau ciwon ƙin abinci. Abin da za mu fi tsayawa a kai shi ne ɓarnar da ya kan bari cikin ƙashi, da kuma abin da gida zai yi domin a gyara ta sa'ad da yaro ya soma samun sauƙi. Dalili kuwa, idan yarinya ta koma cin abinci, kumatunta suka fara cikowa, kowa ya kan ce an gama. Amma da sauran rina a kaba, gama nama ya kan dawo da wuri, ƙashi kuwa sai a hankali, kuma ba a ganinsa da ido.

WANE IRIN CIWO NE WANNAN?

Akwai rama ta yunwa, wadda rashi ke kawowa. Akwai rama ta tarin fuka, ko ciwon sukari, ko tsutsar ciki, ko ƙanjamau. Duk yaron da ke ramewa, tilas a fara kai shi asibiti a duba waɗannan. Amma akwai wata rama dabam, inda abinci na nan a gida, likita kuma bai sami wata cuta a jini ko a ƙirji ba, yarinya ce da kanta ta ke hana cikinta. Ta kan rage tuwo kullum, ta ce ta ƙoshi, ko ta ce ta riga ta ci a makaranta. Ko ta zama ƙashi da rai, in ta dubi madubi sai ta ga kamar ta yi ƙiba. Likitoci suna kiran wannan anoreksiya. Wani likitan Ingila mai suna William Gull shi ya raɗa masa sunan a shekarar 1873. Akwai kuma ɗan'uwansa, bulimiya, wanda likita Gerald Russell ya bayyana a Landan a 1979. Mai wannan ya kan ci abinci da yawa a zama ɗaya, sa'an nan ya sa yatsa ya amayar, ko ya sha maganin gudawa.

Da can a kan ce ciwon Turawa ne kaɗai. Ba haka ba ne. A shekarar 2004 an buga labarin wani bincike da aka yi a kan 'yan mata 668 na makarantun sakandare a karkarar Ghana. An sami goma a cikinsu waɗanda suka rame ƙwarai saboda hana kansu abinci da gangan. Ya fi kama mata, amma samari ma ba su tsira ba. Ciwo ne na tunani da jiki gaba ɗaya. Taurin kai ko iyayi ba su ne tushensa ba, saboda haka duka da zagi ba su warkar da shi.

YADDA ƘASHI KE GINUWA

Mutane da yawa suna tsammani ƙashi busasshen abu ne kamar sanda. A'a, ƙashi rayayye ne, yana da jini da ɓargo, kuma kullum ana aiki a cikinsa. Akwai ƙananan ƙwayoyin halitta iri biyu a ciki. Waɗansu suna rushe tsohon ƙashi, waɗansu suna bin bayansu suna gina sabo. Da haka ne a cikin kimanin shekara goma jikin babban mutum ya kan sabunta ƙasusuwansa 206 kusan duka.

Babban abin da ke ba ƙashi tauri shi ne wani sinadari da a ke kira kalsiyam. Irinsa ne ke cikin ɓawon ƙwai da dutsen da a ke yin siminti da shi. Jikin babban mutum yana ɗauke da kimanin kilo ɗaya na kalsiyam, kuma kashi 99 cikin 100 nasa yana cikin ƙasusuwa da haƙora. Ɗan ragowar yana yawo cikin jini, domin zuciya da jijiyoyi ba su aiki sai da shi. To, ga inda maganar ta ke. Idan kalsiyam bai shigo ta abinci ba, jiki ba zai bar zuciya ta tsaya ba, sai ya shiga ɗiba daga ƙashi, kamar mai gida da ya buɗe rumbu da bazara. Saboda haka ko an auna jini an ga kalsiyam daidai, wannan bai nuna ƙashi yana lafiya ba.

Lokacin cika wannan rumbu kuwa ƙayyadadde ne. Masu bincike na Jami'ar Saskacewan a ƙasar Kanada sun yi shekaru suna auna ƙashin yara, suka buga abin da suka gani a 1999. Sun tarar ƙashi ya fi saurin tara kalsiyam wajen shekara 12 da rabi ga 'yan mata, da wajen shekara 14 ga samari. A cikin shekara biyu kacal na wannan lokaci, yaro ya kan tara kimanin rubu'in abin da zai riƙe a girmansa. Kafin ya kai shekara 20 ya riga ya tara kusan kashi 90 cikin 100. Bayan shekara 30 ba a ƙara komai, sai ci daga abin da aka ajiye. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Abin baƙin ciki shi ne, ciwon ƙin abinci ya fi kama yara daidai wannan lokaci na gini.

ƁARNAR DA CIWON KE YI

Sa'ad da jiki ya ga abinci ba ya isa, ya kan rufe duk aikin da zai iya jira, domin ya ceci rai. Na farko, jinin al'ada ya kan ɗauke. Tare da shi kuma sinadarin mata da a ke kira istirojin ya kan yi ƙasa, alhali shi ne ke tsawata wa masu rushe ƙashi. Ga samari, sinadarin maza ne ke raguwa, sakamakon kuwa ɗaya ne. Na biyu, wani sinadari na girma wanda hanta ke yi, mai ba magina umarni, shi ma ya kan ragu. Na uku, sinadarin da jiki ke fitarwa a lokacin wahala, watau kotisol, ya kan ƙaru, shi kuwa cin ƙashi ya ke yi. Na huɗu, tsoka ta kan zube, ƙashi kuwa yana ƙara ƙarfi ne in tsoka tana jansa, nauyi yana danna shi.

Ƙarshenta sai ƙashi ya zama kamar azarar da gara ta ci: daga waje lafiya lau, ciki kuwa duk rami. Ba ya ciwo, ba ya kumburi, sai ranar da ya karye. A shekarar 2000 likitocin birnin Bostan na Amurka sun auna ƙashin mata manya 130 masu anoreksiya. Kashi 92 cikin 100 ƙashinsu ya gaza yadda ya kamata, kashi 38 kuwa ya zaizaye ƙwarai irin na tsofaffi. A 2014 an sake duba 'yan mata masu shekara 12 zuwa 22 a birnin. A cikin masu ciwon, kashi 31 cikin 100 sun taɓa karaya, a cikin masu lafiya kuwa kashi 19. Wuraren da suka fi shan wahala su ne ƙashin baya, da ƙugu, da wuyan hannu, da ƙwauri. In ciwon ya kama yaro tun bai gama tsawo ba, yana iya tauye masa tsawon ma.

ABINCI NE KAN GABA

Yanzu ga babbar maganar da mu ke so kowane gida ya riƙe. Kalsiyam tubali ne. In an jibge tubali a fili, magina kuwa suna kwance da yunwa, ba za a ga ɗaki ba. Haka nan an gwada an gani, ƙwayar kalsiyam ita kaɗai ba ta gyara ƙashin yarinyar da ke nan a rame. Abin da ke ta da magina shi ne jiki ya koma nauyinsa na lafiya, ya kuma zauna a nan. Alamar da ta fi kowace ga 'ya mace ita ce al'ada ta dawo da kanta, tana zuwa wata-wata.

Mun ce da kanta, domin akwai wata hanya ta ruɗi. Ƙwayar tsarin iyali ta kan sa jini ya zo, amma bincike ya nuna ba ta ƙara ƙarfin ƙashin masu wannan ciwo. Sai dai ta rufe wa iyaye ido su zaci an warke. Akwai wata filasta mai istirojin da a ke liƙawa a fata, wadda aka gwada a kan 'yan mata 110 har wata 18, aka buga sakamakon a 2011, aka ga ta taimaki ƙashin baya da na ƙugu. Amma wannan aikin babban likita ne, ga waɗanda ciwonsu ya daɗe, kuma ita ma ba ta maye gurbin abinci.

Sai dai a yi hattara da farkon ciyarwa. Yaron da ya daɗe ba ya ci, in aka ɗura masa abinci mai yawa farat ɗaya, wani gishiri na jini da a ke kira fosfet ya kan faɗi, zuciya tana iya rikicewa har a rasa rai. An ga haka ga fursunonin da aka saki a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945. Saboda haka mako biyun farko na wanda ya rame ƙwarai, a hannun likita za a yi su, ana auna jini. Bayan wannan sai aiki ya dawo gida: abinci sau uku a rana, da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani, ba fashi.

NAWA A KE BUKATA, KUMA INA ZA A SAMU?

Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙayyade miligiram 1,300 na kalsiyam kowace rana ga 'yan shekara 10 zuwa 18. Masanan Amurka ma wannan adadi suka tsayar a 2011. Yanzu mu dubi abin da ke cikin akushinmu. Masara, da dawa, da gero, da shinkafa, da rogo, da doya, duk kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. A 1999 likita Tom Thacher da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun buga bincike a kan ƙananan yara 123 masu lanƙwasar ƙafa, irin su gwame da ƙafar baka. Sun tarar abin da yaran ke samu a rana bai wuce kimanin miligiram 200 ba, kuma da aka ba su kalsiyam sai ƙasusuwansu suka soma warkewa. Wannan ya nuna mana cewa ko yaro mai cin tuwonsa sosai yana iya gazawa, balle wanda ya yi wata da watanni yana ƙi.

Amma Allah bai bar ƙasarmu hannu wofi ba. Ga inda a ke samunsa, bisa kimantawa:

Madara da kindirmo. Babban kofi ɗaya, watau rubu'in lita, yana da kimanin miligiram 300. Nono ma haka, in ba a tsinka shi da ruwa ba. Madarar gari, cokalin cin abinci uku cike, kimanin 250. Cuku da wara ta madarar shanu suna da shi da yawa. A tafasa ɗanyar madara kullum, domin tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci. Wanda madara ke kumbura masa ciki, ya gwada kindirmo, ya fi sauƙin narkewa.

Kifi mai ƙaya. Kifin gwangwani, in an cinye shi da ƙayarsa mai laushi, gwangwani ɗaya ya kan ba da kimanin 300. Ƙananan busassun kifi da a ke dakawa gaba ɗaya a zuba a miya, da kirafish, su ma suna da shi sosai. Kalsiyam ɗin yana cikin ƙayar ne, in an cire ta an zubar da shi.

Tamba. A cikin hatsi duka babu kamarta. Giram 100 na tamba yana da kimanin miligiram 340, ya ninka na masara da shinkafa fiye da sau goma. Mutanen Filato da kudancin Kaduna sun san kununta da tuwonta.

Ganye. Garin kuka da busasshen zogale suna da shi ƙwarai. Cokalin cin abinci ɗaya cike da garin kuka ya kan ba da fiye da miligiram 100. Kuɓewa da wake suna da nasu gwargwado. Alayyafo yana da shi, amma akwai wani abu a ganyen da ke riƙe shi, jiki ba ya samun duka. Riɗi wanda ba a surfe ba yana da shi da yawa, ko da ya ke shi ma ba duka jiki ke ɗauka ba.

Ga misalin yini ɗaya. Da safe, kunun tamba da madarar gari cokali uku, da ƙosai: kimanin 400. Da hantsi, kofin kindirmo: 300. Da rana, shinkafa da wake da mai, da rabin gwangwanin kifi: wajen 200. Da la'asar, fura da nono da kantun riɗi: kimanin 300. Da dare, tuwo da miyar kuka da dakakken kifi: 150 ko fiye. In kun tara, an wuce 1,300. Mun sani ba kowane gida ne zai iya sayen madara da kifin gwangwani kullum ba. In haka ne, a dage da tamba, da kuka, da zogale, da ƙananan kifi, da nono ko da kofi ɗaya a rana. Jiƙa hatsi ya kwana, ko barin ƙullu ya yi tsami kamar yadda a ke yi wa kamu, yana rage abin da ke hana jiki ɗaukar kalsiyam.

Amma wannan lissafi na iyaye ne. Kada a yi shi a gaban mai jinya. Ciwon nan da ƙidaya ya ke rayuwa, yarinya ta riga ta gaji da auna kowace loma. Kuma ku lura, ta kan so ta zaɓi madarar da aka cire wa mai, ko ta ce ganye kaɗai za ta ci tun da yana da kalsiyam. Kada ku yarda. Madara mai mai za a ba ta, da tuwo, da mai, da nama, gama ƙiba ta lafiya ita ce rabin maganin.

ABUBUWAN DA A KE RUƊUWA DA SU

Romon ƙashi yana da daɗi, yana kuma buɗe ciki, amma kalsiyam ɗin da ke fita cikin ruwan kaɗan ne ƙwarai, ko an kwana ana dafawa. Man shanu daga madara ya fito, amma kalsiyam ya kan zauna cikin nonon da aka kaɗa, ba ya bin man. Nama da ƙwai suna gina tsoka, ana bukatarsu, amma ba a dogara da su don kalsiyam. Kanwa fara ce, amma dangin gishiri ce, ba ta gina ƙashi. Awarar waken suya da a ke haɗawa da ruwan tsami abinci ce mai kyau, sai dai ba ta kai madara ba ta wannan fanni. Farar ƙasar da waɗansu mata ke ci kuwa, an sha samun dalma a cikinta, tana kuma hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. A hana yara ita.

Mafi hatsari duka shi ne maganin ƙiba. Uwa mai tausayi, in ta ga 'yarta ta rame, tana iya zuwa kemis ko kasuwa ta sayo ƙwayoyin nan da a ke kira sha-ka-fashe. Yawancinsu suna ɗauke da deksametason ko firedinisolon, 'yan'uwan kotisol ɗin nan da muka ce yana cin ƙashi. Su kan kumbura fuska da ciki, a zaci ƙiba ce, alhali ruwa ne da kitse mara amfani, a ɓoye kuwa suna ƙara zaizaye ƙashin da ya riga ya raunana. Suna kuma jawo hawan jini da ciwon sukari. Wanda ya riga ya daɗe yana sha, kada ya bari farat ɗaya, gama wannan ma hatsari ne. A kai shi wurin likita a rage masa sannu-sannu.

Yawan gishiri da yawan kofi da shayi mai kauri su kan sa kalsiyam ya bi fitsari. Lemon kwalba yana cika ciki ya kori madara. Taba da giya kuwa maƙiyan ƙashi ne.

ƘWAYAR KALSIYAM DA HASKEN RANA

In abinci bai kai ba, likita ya kan rubuta ƙwayar kalsiyam domin ciko. A sha ta tare da abinci. Kada a wuce miligiram 500 a sha ɗaya, domin hanji ba ya ɗaukar fiye da haka sosai a lokaci guda. In biyu aka rubuta, ɗaya da safe ɗaya da dare. Kada a haɗa ta da ƙwayar ƙarin jini, a bar awa biyu tsakaninsu. Tana iya sa bayan gida ya yi tauri, sai a yawaita shan ruwa. Yawanta ba ya ƙara amfani. An ƙayyade cewa matashi kada ya wuce miligiram 3,000 a rana, abinci da ƙwaya gaba ɗaya, domin fiye da haka yana iya jawo tsakuwa a ƙoda. Ku kula kuma kada yarinya ta mai da ƙwayar hujja, ta ce tun da ta sha magani ba sai ta ci ba.

Kalsiyam ba ya ratsa hanji ya shiga jini sosai sai da taimakon bitamin D. Fatar jiki ce ke yinsa in rana ta taɓa ta. Rana ba ta yi mana rowa ba, amma mai wannan ciwo ya kan ji sanyi kullum, ya lulluɓe, ya ƙule a ɗaki. A fito da shi tsakar gida kowace rana ya ɗan sha hantsi, hannu da ƙafa a buɗe. Gwaiduwar ƙwai da kifi mai mai suna da ɗan bitamin D. Abin da a ke bukata a rana awo 600 ne, bisa ma'aunin da a ke rubutawa a jikin kwalbar magani. In likita ya auna jini ya ga ya gaza, zai ƙara.

WASA, AIKI DA AZUMI

Ga yaro mai ƙoshi, gudu da tsalle da ƙwallo suna ƙara wa ƙashi ƙarfi. Ga wanda ke a rame, al'ada kuma ba ta dawo ba, akasin haka ne: suna ƙone ɗan abincin da ya ci, suna kuma tsaga ƙashi. Masu wannan ciwo kuwa su kan so motsa jiki fiye da kima, har a ɓoye cikin dare. Saboda haka a dakatar da wasannin makaranta, da ɗaukar ruwa daga nesa, da daka, da noma mai nauyi, har likita ya ba da izini. In ya bayar, a fara da tafiya kaɗan, a riƙa ƙarawa. Ciwon baya da ya ƙi tafiya, ko zafi a wuri ɗaya a ƙwauri ko tafin ƙafa wanda ke ƙaruwa da tafiya, alama ce ta tsagewa. Asibiti za a nufa, a kuma gaya wa likita tarihin ciwon.

Akwai na'ura ta musamman mai auna ƙarfin ƙashi, ana kiranta DEXA. Hoton ƙashi na kullum ba ya nuna zaizayar sai ta yi nisa. Ƙa'idar da aka tsara a Ingila a 2017 ta ce a yi tunanin yin wannan awo in yaro ya shekara a rame, ko kafin haka in yana ciwon ƙashi ko yawan karaya. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, amma rashinta ba ya hana magani, gama da awo da babu, abin yi ɗaya ne.

Ga mai bulimiya, a kula da haƙora. Ruwan ciki mai tsami yana cinye bayan haƙori, kuma abin da ya ci ba ya tsirowa. In amai ya faru, a kurkure baki da ruwa, kada a goge da buroshi nan take. Yawan amai da maganin gudawa suna kuma zubar da gishirin da zuciya ke bukata, don haka shi ma aikin asibiti ne.

Sauran magana ɗaya wadda ta shafe mu. 'Yan matan nan goma na Ghana ba su ce suna tsoron ƙiba ba. Da maganar ibada da horon jiki suka bayyana abin da su ke yi. Watau ciwon nan ya iya sa rigar azumi ya shiga gida, har a riƙa yabon yarinya. Iyaye, da fastoci, da shugabannin matasa, da Zumuntar Mata, mu buɗe ido. Yaron da ke murmurewa daga wannan ciwo ba ya azumi, ko na yini ɗaya, ko da dukan ikilisiya tana yi. In fasto ne da bakinsa ya gaya masa haka, zai fi jin sauƙi a zuciya. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

GA IYAYE

A Asibitin Maudsley na Landan ne aka fara nunawa, a 1987, cewa matasan da ciwonsu bai daɗe ba sun fi warkewa in an sa iyayensu cikin aikin jinya. Har yau wannan ita ce hanyar da likitoci suka fi amincewa da ita. Ma'anarta, uwa da uba su ne za su zaɓi abinci, su zuba, su zauna tare da yaro har ya gama, su kuma zauna da shi kimanin awa ɗaya bayan ci. Bakinsu ya zama ɗaya. Ba faɗa, ba gori, ba ciniki. Uwa tana iya cewa, "Na san da wuya, 'yata, amma wannan shi ne maganinki. Ina nan tare da ke har ki gama." A hana 'yan'uwa da baƙi yin magana a kan jikinta. Ko kalmar nan ta yabo, "Kai, kin yi ƙiba, kin yi kyau," tana iya rushe aikin wata guda. In yaron yana makarantar kwana, a shawarta da likita ko ya fi kyau ya zauna gida tukuna.

Gaskiya ita ce, ba kowane yaro ne ƙashinsa ke komawa daidai da na tsararsa ba, musamman in ciwon ya yi shekaru. Amma jikin matashi bai rufe gini ba tukuna. Duk watan da aka rage daga zaman rama riba ce wadda za ta bi yarinya har lokacin goyo da tsufa. Don haka kada a jira. In kun ga 'yarku tana ɓoye abinci, tana ramewa, al'adarta ta ɗauke wata uku, ko ɗanku yana haka, ku kai su asibiti cikin makon nan. In kuwa sun riga sun soma samun sauƙi, kada ku saki hannu don kun ga kumatu. Ku ci gaba da kunun tamba da kindirmo da miyar kuka, ku riƙa komawa wurin likita a kan lokaci. Sannu ba ta hana zuwa.